Ƙarfin Tsofaffinmu Da Abin Da A Ke Zuba Musu A Akushi

Ƙasar Kano ta kudu ƙasa ce da Allah ya yi wa albarkar ruwa. Damina ta fi sauka da wuri a can, ta kuma fi daɗewa, bisa ga yadda ta ke yi a Ɗambatta ko Bici. Ban da ruwan sama kuma ga na madatsa. A ƙasar Bebeji a ke da tafkin Bagauda, a can ne kuma aka datse Kogin Kano a Tiga, aikin da aka fara a 1971 aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan Tiga ne ke bin magudana yana shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, shi ya sa wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya kan ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan ana ɗora wa manyan motoci zuwa Ikko. In ya wuce ya kai Kwanar Ɗangora a ƙasar Ƙiru, ya karkata ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya shiga ƙasar Doguwa, ba zai rasa ganin mangwaro da ɗorawa da kuka da tsamiya ba, dama da hagu. Har cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda.

To, abin da ya sa muka ɗauko wannan magana tambaya ce guda. Cikin wannan arziki duka, nawa ne ke kai wa ga akushin dattijon da ke zaune a zaure, ko ƙwaryar tsohuwar da ke cikin ɗaki? Kowa ya san amsar a gidansu. Da safe koko, da rana fura in an samu, da dare tuwo da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, sa'an nan goro tsakani. Mangwaro kuwa na yara ne, kwaɗo na mata ne, tumatir na kasuwa ne. Mu a ganinmu wannan rabo bai yi daidai ba, kuma yana cikin abubuwan da ke kayar da tsofaffinmu tun lokacin kwanciyarsu bai yi ba.

Yadda tsoka ke zagwanyewa

Tsoka ita ce jan naman da ke manne da ƙashi, wanda da shi mutum ke ɗaga fartanya, ya miƙe daga tabarma, ya taka matakala. Masana aikin likita sun auna sun ga cewa daga shekara 30 zuwa sama tsokar mutum ta kan ragu da kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan shekara 60 kuwa sai raguwar ta ƙara sauri. Ƙarfi ma ya fi naman saurin tafiya. A 1989 wani likita a Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan hali suna sarkofeniya, daga harshen Girkanci, ma'anarsa ƙarancin nama. Kafin nan a kan ce tsufa ne kawai, ba abin da za a yi. Raɗin sunan ne ya sa aka fara duban abin kamar cuta wadda a ke iya aunawa, a ke kuma iya jinkirtawa.

Mu nan ba mu bukatar Girkanci kafin mu gane shi. Alamarsa ta farko a sahu a ke ganinta: mutumin da bara ya ke tasowa daga sujada ba dafa komai, bana sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, baɗi kuma sai a kawo masa kujera. Daga nan sai tsuguno a ban-ɗaki ya zama aiki, hawa bayan babur ya zama abin tsoro, buta cike da ruwa ta yi nauyi. Ƙarshen abin shi ne faɗuwa. Tsohon da ya zame a bakin rijiya ya karye a ƙugu a wani ƙauyen Doguwa, ko dai a kai shi wurin mai ɗori, ko a ɗauke shi tafiyar sa'o'i zuwa asibitin ƙashi na Dala, kuma da yawa daga cikin irinsu ba su sāke tafiya kamar da. Gida kuma ya rasa mai sasanta rigima, a cire yarinya daga makaranta ta zauna jinya, a sayar da akuya da buhun masara.

Likitoci suna da awo biyu masu sauƙi. Na ɗaya wani ƙarfe ne da a ke matsewa da hannu, ya nuna ƙarfin damƙa da kilo. Taron masana na ƙasashen Turai ya yanke a 2018 cewa namijin da damƙarsa ta gaza kilo 27, ko macen da tata ta gaza kilo 16, to, rauni ya kama su. Kada a raina wannan awo. A 2015 an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, aka ga cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100 a tsawon shekarun da aka bi su. Awo na biyu kuwa ba ya bukatar komai sai kujera da agogo. Mutum ya zauna, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi tsaye ya koma sau biyar a jere. In ya wuce daƙiƙa 15 bai gama ba, ko ya kasa sai da dafawa, ƙafafunsa sun fara gazawa.

Abin da masu bincike suka gano

Hukumar Lafiya ta Duniya, tun a rahoton da ta fitar tare da Hukumar Abinci da Noma a 2003, ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Ga waɗanda suka yi lissafi da awon da, oza 14 ke nan. Ga kowa da kowa kuwa, kamar cikin tafin hannu biyar. Dankali da rogo da doya ba su cikin wannan ƙidaya, don su 'yan'uwan tuwo ne. Da farko an ba da wannan shawara ne saboda ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Daga baya sai aka lura tana da alaƙa da tsoka.

A lardin Tuskani na Italiya an bi tsofaffin wasu ƙauyuka shekara shida, aka ga waɗanda jininsu ke da ƙarancin karotin, watau sinadarin nan da ke ba kabewa da karas da mangwaro launinsu, su ne suka fi saurin rasa ƙarfin hannu da na gwiwa. A Ingila, a 2020, masu bincike na jami'ar da ke Norwich sun duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 42 zuwa 82, suka ga waɗanda suka fi samun bitamin C sun fi yawan tsoka. A Ostireliya kuma, a 2021, an buga labarin mutum 3,759 da aka bi shekara 12: waɗanda suka fi cin ganyaye masu naitiret ƙarfin ƙafarsu ya ɗara na masu ƙarancin ci da kashi 11 cikin 100, kuma abin da suka riƙa ci bai wuce kamar kofi guda na ganye a yini ba. Kada wani ya ce ai duk Turawa ne. A 2020 an tattara bayanin tsofaffi fiye da 14,000 masu shekara 65 zuwa sama daga Gana da Afirka ta Kudu da Indiya da Sin da Meziko da Rasha, aka ga masu yawan cin 'ya'yan itatuwa sun fi tsira daga zagwanyewar tsoka, musamman mata.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne gaba ɗaya. Jiki ba ya ƙera bitamin C da kansa, ba ya kuma ajiye shi da daɗewa, alhali da shi a ke saƙa zaren da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Naitiret ɗin da ke cikin alayyafo da latas, ƙwayoyin halittar da ke bakin mutum ne ke fara juya shi, har ya zama wani sinadari mai buɗe hanyoyin jini, tsoka ta samu isasshen jini lokacin aiki. Karotin da 'yan'uwansa suna rage ɓarnar da aiki da ciwo ke yi wa nama. Akwai kuma fotasiyam, wanda masana ke zaton yana kashe ɗan tsamin da abincin hatsi zalla ke bari a jiki.

Amma fa a tsaya a nan, don ba mu so malamai su tafi aji da rabin magana. Yawancin waɗannan bincike kallo ne aka yi, ba gwaji ba. Mai cin ganye da yawa sau da yawa shi ne mai haƙora, mai ɗan hali, mai yawo da ƙafa, don haka da wuya a ware wanne ne ya ba shi ƙarfin. Da aka yi gwaji na sosai a Belfas ta Ailan ta Arewa, wanda aka buga a 2013, an raba tsofaffi 83 gida biyu, aka sa wasu cin kashi biyar a rana, wasu biyu, har mako 16. Damƙar masu kashi biyar ta ɗan ƙaru da kamar kilo 2, amma bambancin bai kai yadda za a rantse a kansa ba, tafiyarsu da tashinsu kuwa ba su sāke ba. Watau ganye ba allura ba ne da za a yi yau a miƙe gobe. Abinci ne na shekaru, kuma ba ya aiki shi kaɗai.

Abokan aikinsa biyu ne. Na ɗaya abinci mai gina jiki. Masana sun ba da shawara a 2013 cewa tsoho mai lafiya ya samu giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa, watau mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 72 a yini, fiye da abin da a ke ƙayyade wa saurayi mai nauyinsa. Ƙwai guda giram 6 ne kawai. Sauran sai a nemo a wake da gyaɗa da awara da nono da kifin Tiga. Na biyu kuwa motsi, za mu zo kansa.

Kwaɗo, kanwa da haƙora

In an haɗa waɗannan sharuɗɗa aka nemi abinci guda da ya cika su, ba sai an je kanti ba. Kwaɗon zogale ne. Ga ganye, ga ƙuli-ƙuli mai gina jiki, ga ɗanyen tumatir da albasa waɗanda wuta ba ta taɓa ba, ga ɗan man gyaɗa, wanda sai da irinsa hanji ke iya tsotse karotin. Kakanninmu mata da suka haɗa shi ba su san sunan bitamin ba, amma da likita ne ya tsara shi da ba zai ƙara komai ba. Haka kwaɗon rama, haka na tafasa, haka faten wake da alayyafo, haka dambun da aka cika da zogale. Abin takaici shi ne a gidaje da yawa a kan ci kwaɗo a tsakar gida da hantsi, ba a kai wa maigida zaure, wai kada a raina shi. Shi ma in an kai masa ya kan ce ba akuya ba ne shi. Da wannan girman kai a ke rasa ƙafafu.

Miyar kuka ba abar rainawa ba ce, tana da alli da ƙarfen da jini ke bukata. Sai dai a yi lissafi: cokali nawa na garin kuka a ke kaɗawa a tukunyar mutum goma? Rabon kowa bai kai ko kusa da tafin hannu guda ba. Bitamin C kuwa ba ya jure rana, ba ya jure doguwar wuta, kanwa kuma kashe shi ta ke yi. Ganyen da aka shanya a rana tsaka a kan dandamali, aka dafa shi da kanwa har ya yi laushi, aka tsiyaye ruwan aka zubar, rabin amfaninsa ya bi rariya. Gyaran ba ya cin ko kwabo. A shanya ganye a inuwa inda iska ke ratsawa. A dafa shi da ruwa kaɗan, a sauke da zarar ya nuna. A rage kanwa inda za a iya. Ruwan zogalen da aka tsiyaye a zuba shi a miya.

Sa'an nan ga maganar haƙora, wadda mu ke jin ita ce babbar sila, ko da ya ke ba a cika faɗinta ba. Dattijon da turamensa suka zube ba zai ce ya kasa tauna gwaiba ba, cewa zai yi ba ya sonta. Mai kula da shi ne zai gane. Gwanda da kankana da ayaba ba su bukatar haƙori. Mangwaro a yanka ƙanana ko a matse. Kabewa a dafa a dama. Ganye a yanka shi siriri, ƙuli-ƙuli a daka shi lilis. Garin 'ya'yan kuka, wanda ya fi lemo bitamin C nesa ba kusa ba, a jiƙa shi da ruwan sanyi a tace a zuba a fura ko kunu bayan ya huce. Wani abin dariya, masu sayen nono su kan yi faɗa da mai talla in sun gane ta ƙara garin kuka don ya yi kauri. Algus ne in ba ta faɗa ba, ba mu musa ba, amma cikin algus ɗin duniya da wuya a samu mai amfaninsa.

Shekara kuma ba ta tafiya daidai. Da rani ga tumatir da karas da kabeji da latas na ban-ruwa, ga magarya da kanya da tsamiya. Da bazara mangwaro ya kan yi yawa har ya ruɓe a gindin bishiya, ɗorawa ma ta nuna. Da damina ganye ko'ina, da kaka ga kabewa da yakuwa da ɗinya. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ƙarewar mangwaro da kamawar ganyen damina, lokacin da tumatir ke tsada, rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya fi tsanani. A 2016, da tsutsar nan mai cin ganyen tumatir ta cinye gonakin Kadawa da kewaye, kowa ya ga yadda miya ke komawa in an dogara da abu guda. Gidan da ke da zogale biyar a bayan ɗaki da tulun busasshen ganye bai ji abin kamar sauran ba.

Wajibi ne mu yi gargaɗi uku. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara ganye da 'ya'yan itatuwa sai da izinin likita, don fotasiyam na iya taruwa a jininsa ya taɓa zuciya. Mai ciwon sukari ya ci mangwaro da dabino da awo, ya fi ƙarfafa ganye. Duk abin da za a ci ɗanye kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta, don gudawar kwana uku ta kan kwashe wa tsoho abin da ya tara a wata uku.

"Baba, ka huta"

Yanzu ga maganar motsi. A ƙauyukan Ƙiru da Tudun Wada, kamar sauran ƙasar Hausa, alamar ɗa na gari ita ce ya karɓe wa ubansa fartanya ya ce ya huta. Niyyar kyakkyawa ce, Allah ya ba da lada. Amma tsoka ba ta san ladabi ba, abin da ba a mora ba shi ta ke zubarwa. A 2007 an kwantar da wasu tsofaffi masu lafiya a gado kwana goma a Amurka don gwaji, aka tarar a matsakaici sun rasa kusan kilo guda na naman ƙafafu. A ɗaya gefen kuma, a 1990, a wani gidan tsofaffi a Boston, an sa mutum goma masu shekara wajen 90 ɗaga nauyi da ƙafa har mako takwas, ƙarfin waɗanda suka kammala ya kusa ninkawa uku. Don haka a sauke wa tsoho huɗa da ɗaukar buhu, amma a bar masa tafiya masallaci da kasuwa, a bar masa ban-ruwan lambu da yankan ciyawar tumaki. Wanda ya tashi daga jinya kuwa a fara tsayar da shi tun da wuri gwargwadon yadda likita ya yarda. Sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya, gaskiya ne, amma in an daina ja hannu ya kan manta.

Ku akawuna da malaman makaranta, wannan magana ta shafe ku ta fuska biyu. Tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, har zuwa yau, ɗan albashi shi ne mai aika wa gida a ƙarshen wata, abin da ya aika kuwa shi a ke ɗauka abincin wayayyu. Me mu ke aikawa? Shinkafa, taliya, sukari, lemon kwalba. Da za a cire kuɗin lemon kwalban nan a ba wani mai lambu a garin, a ce kowace ranar kasuwa ya kai wa tsohuwa alayyafo da gwanda da mudun wake, da an fi yi mata alheri. Fuska ta biyu kuwa ku kanku. Manomi yana tsufa da fartanya a hannu, akawu kuwa shekara 35 ya ke yi a kan kujera, abincinsa na rana burodi da shayi. Ranar da ya karɓi takardar fansho sau da yawa tsaransa na ƙauye sun fi shi ƙarfin gwiwa.

Malami yana da abin da likita ba shi da shi, watau yara arba'in ko fiye da ke komawa gida arba'in kowace rana. Ya koya musu awon kujera, kowane yaro ya je ya gwada kakansa da agogon waya, ya kawo adadin daƙiƙa a rubuce. Ga darasin lissafi, ga na kiwon lafiya. Wanda aka samu ya wuce daƙiƙa 15 a ba iyalinsa shawara su kai shi asibitin da ke kusa a duba shi, don wani lokaci ƙarancin jini ne, ko sukari, ko tarin fuka, ba abinci kaɗai ba. Lambun makaranta kuma, inda ya mutu, a tashe shi, a nemi irin shuka wurin malaman gona na ƙaramar hukuma, a ba kowane yaro dashe biyu ya kai gida da farkon damina. Zogale reshe kawai a ke yankowa a kafa, cikin 'yan watanni a fara tsinka. Gwanda ta kan fara 'ya'ya kafin shekara ta zagayo ko jim kaɗan bayanta. Mangwaro mai aure shi ke ɗaukar shekara uku zuwa huɗu, kuma yana bukatar a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.